Don Allah me za mu kira "firas" da Hausa?

Hadiza: Salamu alaikum jama'a, gobe da safe zan naɗi shirin manoma na rediyo kuma na maƙale. Batun akwafonik ne, wato a haɗa kiwon tarwada ko karfasa da noman latas ko tumatir a ruwa ɗaya, bakteriya su mayar da amoniyar da kifi ke fitarwa abincin shuka, ruwan ya koma wa kifin a tace. To sau da yawa sinadarin bai isar shukar, shi ne wasu ke ƙara mata firas, abin da tsutsar baƙin ƙudan soja ke bari bayan ta cinye ragowar abinci. Ya zan kira shi?

Malam Isa: Kashin tsutsa mana.

Hadiza: Malam da safe ake sa shirin, mutane na karyawa, ni dai bakina ba zai iya ba wallahi.

Ɗan Maraɗi: Kuma ba kashi ba ne zalla, akwai saɓar da tsutsar ke yi tana girma, da ɓarɓashin abincin da ba ta cinye ba. A Tarayyar Turai ma tun 2021 aka ce sai an gasa shi a zafin digiri 70 na awa ɗaya kafin a sayar. Ki ce takin tsutsa.

Abdul: Tsutsaki! Tsutsa da taki. Gajere ne, zai zauna a jikin buhu.

Malam Isa: Haba Abdul, Hausa ba ta yanka kalmomi ta liƙa haka. Bahaushe cewa yake takin kaji, takin shanu, takin zamani.

Abdul: Ai shi ya sa kullum muke baya Malam, masu Suwahili ba sa tsoron ƙirƙira, ga cibiyar nazarin ƙwari ta ICIPE can a Nairobi tana ta binciken ƙudan nan, mu kuma da an kawo sabuwar kalma sai a ce ba a koyar da ita a jami'a ba. Tsutsaki.

Malam Isa: Shekara 25 ina koyar da Hausa, ba Suwahili za ta gaya min yadda ake harɗa suna ba.

Baba Manomi: Ku yi haƙuri 'ya'yana, mu in ka ce tsutsa a taki gwazarma za mu ɗauka, irin ta juji. Ki ambaci ƙudan ko sau ɗaya.

Hadiza: Na gode Baba, wannan ban yi tunaninsa ba. Da farko zan ce takin tsutsar ƙudan soja, daga nan takin tsutsa. Akwafonik ɗin fa?

Ɗan Maraɗi: Noman ruwan kifi.

Malam Isa: Bai cika ba, amma ya fi tsutsaki. Ki sa shi haka nan tunda lokaci ya ƙure.

Abdul: Ni dai a buhuna tsutsaki zan rubuta.