Na haddace F = ma, amma lissafin igiya yana kayar da ni

Ɗan Funtuwa:
Assalamu alaikum. Bana zan zauna JAMB, injiniyanci nake nema a ABU Zariya. Dokokin motsi na Newton guda uku na haddace su tsaf, amma da an ba ni lissafi sai kaina ya kulle. Ga wanda ya hana ni barci jiya: igiya ta bi ta kan wili irin na jan ruwa a rijiya, gefe guda dutse mai kilo 3, ɗaya gefen mai kilo 2, g = 10 (ƙaruwar gudun abin da ke faɗowa saboda jan ƙasa). Ana neman ƙarfin jan igiyar. Ni na rubuta 30 N (N shi ne newton, ma'aunin ƙarfi), littafi ya ce 24 N. Don Allah a ina na kauce?

Yaya daga Samaru:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ɗauka jan igiya daidai yake da nauyin babban dutsen. Da haka ne, ai dutsen ba zai sauko ba. Zana kowane dutse shi kaɗai, ka sa kibiya a kan kowane ƙarfi da ke taɓa shi. Kira jan igiyar T, ƙaruwar gudu kuma a, sai ka bi F = ma, wato ƙarfi daidai yake da yawan kilo sau a. Babba yana sauka: 30 − T = 3a. Ƙarami yana hawa: T − 20 = 2a. Haɗa su, 10 = 5a, wato a = 2, T kuma 24. Ni sai da na daina raina wannan zanen sannan Fiziks ta buɗe mini. Ko na lifta ne, ko na gangare, ko na akwatin da ake ja a ƙasa mai gogayya, fara da zane.

Malamin sakandare:
Yaro, gwada kanka da wannan kuma. Sa yana jan amalanke, amalanke yana jan sa da ƙarfi iri ɗaya. To ta yaya suke tafiya? Ɗalibaina da yawa a nan suke faɗuwa, su ce ƙarfin biyu sun kashe juna. Ba za su kashe juna ba, domin ba jiki ɗaya suke aiki a kai ba: ɗaya a kan amalanke, ɗaya a kan san. Abin da ke tura san gaba shi ne ƙasar da yake takawa da kofato.

'Yar Gwale:
Bara na rubuta JAMB. Tambaya 180 cikin awa biyu, kusan daƙiƙa 40 ke nan kowace, 40 daga ciki na Fiziks. Kullum bayan Asuba ina yin guda goma da agogo a gabana, wanda na faɗi in sake shi bayan kwana uku ba tare da leƙa amsa ba.

Ɗan Funtuwa:
Allah ya saka da alheri. Na gwada na lifta: mutum mai kilo 60, tana hawa da a = 2, na samu ƙarfin da daɓen lifta ke tura shi da shi 720 N. Yaya, haka ne?

Yaya daga Samaru:
Haka ne. Yanzu yi shi tana sauka.