Wai wa ya fi iya riƙe hukumar sa ido, ɗan gida ko na waje?

Ɗan Kurmi:
Salam jama'a. Jiya mun yi ta gardama a majalisa har shayi ya huce, ni dai gani nake in ka ɗauko mutum daga banki ka ce ya sa ido kan bankuna ai ka ba kura ajiyar nama ne, duk abokansa ne fa. Ya kuka gani?

Na Zariya:
Ba kullum ba malam. Sanusi Lamido daga First Bank ya zo CBN, babban bankin Najeriya, a 2009, ko wata uku bai yi ba ya sallami shugabannin bankuna biyar rana ɗaya. Da ma harkar bashi ya daɗe yana yi, ya san inda ake ɓoye ruɓaɓɓen bashi a cikin lissafi, baƙo ina zai gano wannan?

Maman Ilham:
Ku tuna Dora Akunyili a NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, 2001. Ilimin haɗa magani ta karanta shi ya sa masu jabu suka kasa yi mata wayo, har harbinta aka yi a 2003 harsashi ya huda ɗankwalinta Allah ya kiyaye.

Tsohon Akawu:
Hajiya gaskiyarki, amma ku yara kuna kallon oga ne kawai. Hameed Ali kanar ne mai ritaya aka ba shi kwastam a 2015, har ya yi rigima da sanatoci kan ƙin sa kaki. Na waje yana zuwa da zafi amma fayil a hannun daraktoci yake, wanda ya shekara talatin a ofis in ya ga dama takarda ta kwana wata shida a durowa.

Ɗan Kurmi:
Baba wannan durowar taku dai sai addu'a.