Ƙugi a sifika ko ba a sa kiɗa ba

Sabi'u (Ringim): Salamu alaikum 'yan zaure. Na haɗa kayana a soro ina gwaji, ina da kamu ranar Asabar. Ina kunnawa sai ƙugi, huuum, ko kiɗa ban sa ba. Laftof ce da miksa da amfilifaya da sifiku biyu. Me zan saya?

Malam Habu mai rediyo (Gumel): Wa alaikumus salam. Kada ka sayi komai tukuna, ɗana. Zare duk wayar sauti da ke shiga amfilifaya, ka bar ta da sifiku kawai. In ƙugin yana nan, ciwon a cikinta yake, galibi manyan kafasitoci ne suka gaji. Kada ka buɗe ta da kanka, suna riƙe wuta ko an kashe. In ta yi shiru, ka riƙa mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Sabi'u: Baba, shiru ta yi. Miksa ma ƙalau. Ina jona laftof ya dawo.

Nura DJ (Bichi): Cire cajar, bar ta a kan batir.

Sabi'u: Wallahi ya ɗauke!

Malam Habu: To ka ga ɓarawon. Halan laftof tana soket ɗin soro, amfilifaya kuma ka jawo mata wuta daga cikin gida? Kowacce da hanyarta ta zuwa ƙasa, ga wayar sauti ta haɗa su, sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta cikinta. Wutar ƙasar nan sau 50 take kai-komo a daƙiƙa, shi ne kake ji. Tara su duka a kan soket guda mai baki da yawa.

Nura DJ: In bai bari ba, nemi akwatin DI, ɗan akwatin da sauti ke bi ta cikinsa, mai maɓallin GND LIFT da ke yanke zagayen wutar nan, ka sa tsakanin laftof da miksa. Ana samu a Sabon Gari wurin masu kayan sauti. Daga miksa zuwa amfilifaya kuma ka koma wayar XLR mai ƙafa uku. Jan nan da farin na RCA, in ta yi tsawo ba abin da ba ta kwasowa.

Ɗanliti (Sumaila): Duk wannan kashe kuɗi ne. Karya ƙafa ta ukun filogin, an wuce wurin.

Malam Habu: Kul! Ƙafar nan ita ke kai wuta ƙasa in waya ta taɓa jikin ƙarfe. Ka karya ta, wutar ta bi ta jikin wanda ya riƙe makirfo.

Anti Ladi MC (Wudil): Allah ya saka, Malam. Na taɓa kai makirfo baki a wani wuni, ya ɗana min a leɓe har na yar da shi. Ƙanena, ka kuma raba wayar wuta da ta sauti, kada ka naɗe su tare. In dole sai sun haɗu, su gitta juna.

Sabi'u: Anti, garin da za mu je sai janareta.

Nura DJ: Gwada da janaretan tun a gida. Ƙananan nan wutarsu ba ta tsayawa, kuma kada mai firij ko fitilun ado su rabe ka a layi ɗaya.

Malam Habu: Ka tafi da sandar jan ƙarfe, mai wayarin ya kafa ta a ƙasa ya haɗa da jikin janaretan. Yanzu rani ne, ƙasa ta bushe, a zuba mata gawayi da gishiri a kwarara ruwa. In akwatin DI ɗin za ka saya, ka je da laftof da cajarka a gwada a gabanka kafin ka biya.