Muhawara: Wa ke juya maiƙo a tantanin yisti?

Ɗalibin Aji Uku: Salamu alaikum. Ni dai har yau batun filifes, furotin ɗin da ake cewa shi ke juya maiƙo daga ɓari ɗaya na tantani zuwa ɗaya ɓarin, bai kwanta mini ba. An koya mana tantanin ƙwayar halitta ruwa-ruwa ne, maiƙon cikinsa ba ya zama wuri guda. To me zai sa yisti ya ƙona ATP, makamashin ƙwayar, don kawai ya ɗauko fosfolifid, maiƙon tantani mai kai da jela, daga ɓarin waje ya kai ɓarin ciki? A ganina da kansa yake tsallakawa, furotin ɗin ɗan rakiya ne.

Malama: Wa alaikumus salam. Yawon iri biyu ne, kai kuma ka gwama su. Zirga-zirga a cikin ɓari ɗaya ba ta da wuya. Tsallakawa ɗaya ɓarin ita ce aiki, domin kan fosfolifid abokin ruwa ne, kuma dole ya ratsa tsakiyar tantanin da babu komai sai maiƙo. Kornberg da McConnell sun auna wannan a 1971 a tantanin da aka haɗa ba furotin: sai an yi awa shida da rabi kafin rabin aikin ya gudana. Yisti kuwa cikin kamar minti 90 ya rabu biyu. Zai tsaya jira ne?

Ɗalibin Aji Uku: Malama, ai sitirol, wanda shi ma maiƙon tantani ne, yana tsallakawa nan take ba mai taimakonsa.

Malama: Yana yi, don kansa ɗan mitsitsi ne. Kada ka auna fosfolifid irin fosfatidilsirin da ma'aunin argostirol, sitirol ɗin yisti. Kuma ka lura, abin da ke tsallakawa da kansa daidaituwa yake yi a ɓangarorin biyu. A tantanin yisti fosfatidilsirin da ɗan'uwansa fosfatidiletanolamin sun tattaru ne a ciki, wani nau'in maiƙon kuma, sifingolifid, a waje. Irin wannan rabon ba ya tsayawa sai da kashe ƙarfi.

Mai Lab: Bari in ɗan tare wa yaron nan faɗa, ba don na yarda da shi duka ba. Yawancin gwajin da ake kafa hujja da shi, da maiƙon NBD ake yi, wato wanda aka liƙa wa alama mai ƙyalli. Ka zuba shi a kan yisti cikin sanyi don kada ƙwayar ta haɗiye shi ta hanyar buhunan tantani, ka wanke na waje da albumin, furotin mai kwashe maiƙo, ka duba abin da ya shige. In aka cire Dnf1 da Dnf2, filifes biyu na tantanin waje, ƙyallin ciki ya kusa ɓacewa, wannan gaskiya ne. Amma maiƙon NBD jelarsa ɗaya gajera ce, ga alama rataye a jikinta. Ba shi ne maiƙon da yisti ke ƙerawa ba. Shi ya sa aka daɗe ana cewa wataƙila furotin ɗin gyara yanayi kawai yake yi, wani abu dabam ke juyawar.

Dakta: Ɗan'uwa, wannan ƙorafin ya tsufa. A 2009 Zhou da Graham sun tace Drs2, wani filifes na yisti, suka dasa shi a tantanin da suka haɗa da hannunsu, suka ba shi ATP, ya juya maiƙo. Babu ƙwayar halitta a wurin balle a ce wani ne ya yi masa.

Mai Lab: Da wane maiƙo, Dakta? NBD ɗin dai ne.

Dakta: To sai ka zo 2019, da aka fitar da surar Drs2 da abokinsa Cdc50 da madubin lantarki mai daskarewa, sannan ta Dnf1 da abokinsa Lem3 ta biyo baya. Akwai kwari a gefen furotin ɗin. Kan maiƙon ne ke bi ta kwarin, jelar tana nan cikin tantani, kamar yadda ake zarga katin banki a inji, gefensa kaɗai ke shiga. Dama abin da ya ɗaure wa mutane kai ke nan: dangin wannan furotin ƙananan abubuwa irin sodiyam da kalsiyam suke turawa, ta yaya zai ɗauki ƙaton abu kamar fosfolifid? Ashe ba duka yake haɗiyewa ba.

Malama: Ga kuma hujjar da ba ƙyalli a cikinta. Yistin da aka cire wa Lem3, maganin miltefosin da edelfosin, masu kama da maiƙo, ba sa cinsa kamar da, don ba su da ƙofar shiga. Shi ɗin dai kuma gubar duramaisin na saurin kashe shi, saboda fosfatidiletanolamin ya bayyana a waje inda gubar ke kama shi.

Ɗalibin Aji Uku: To in Dnf1 da Dnf2 ne masu gadin tantanin waje, me ya sa yisti ba ya mutuwa in an cire su?

Mai Lab: Yauwa! Nan ne nake. Filifes biyar ne a yisti: Drs2, Neo1, Dnf1, Dnf2, Dnf3. Neo1 kaɗai ne cire shi ke kashewa, shi kuwa a Golgi da endosom, sassan cikin ƙwayar da ke tsara kaya su tura su a buhuna, yake zaune. Drs2 ma, gwanin fosfatidilsirin, yawancinsa a Golgi yake. Ni ra'ayina, tun daga can ake jera maiƙon kafin buhunan su iso bakin ƙwayar. Dnf1 da Dnf2 sun fi son lisofosfolifid mai jela ɗaya, har da gulukosilsiramid, maiƙo mai sukari a kai, wanda yistin nan namu, Saccharomyces cerevisiae, ba ya ma ƙera shi. Wannan ya fi kama da kalen abin da ke waje fiye da gadi.

Dakta: Kalen suna yi, ban musa ba. Amma in kale ne kaɗai aikinsu, me ya haɗa su da Fpk1 da Fpk2 da ke kunna su, waɗanda su kuma yawan sifingolifid ke juya akalarsu? Kuma a kan tsiron sabuwar ƙwaya suke taruwa, daidai inda fosfatidiletanolamin ke leƙowa waje na ɗan lokaci kafin a mayar da shi.

Mai Lab: Ranka ya daɗe, taruwa a wuri ba ta nuna nawa ne kasonsu a aikin. A auna mini rabon maiƙon asali, ba mai alama ba, a yistin da ba Dnf1 da Dnf2, a kwatanta da wanda ba Drs2. Sai mu ga wanda ya fi ɓarna.

Ɗalibin Aji Uku: Wace hanya ake auna na asalin, tunda ba ya ƙyalli?

Malama: Da abin da ke kama kan maiƙon daga waje, irin duramaisin, ko fafuwamaid B ga fosfatidilsirin. Ka karanta su kafin darasi na gaba, kai zan fara tambaya.