Wane bugun Miserere na Allegri ya kamata mawaƙan coci su riƙa?

Toh ga abinda na tsinta daga bakin masu koyar da mawaƙa kan wannan waƙa ta Zabura 51 da Latin, wadda Gregorio Allegri ya tsara ma Sistine Chapel, cocin Paparoma a Roma, wajen shekarun 1630.

Yawanci sun ce ka fara duba mutanenka kafin ka buga takarda, don muryoyi 9 ne, rukuni biyu, 5 da 4, in baka da mai siririyar murya da zata kai sautin nan na can sama da ake kira C ba tare da ihu ba to kar ma ka soma. Abin mamaki shi C ɗin ba Allegri ya rubuta ba, kuskure ne ya shigo ta ƙamus ɗin kiɗa na Grove a 1880, mutane suka ji daɗinsa ya zauna. Bugun Ivor Atkins na 1951 yana da shi amma da Turanci ne. Na Charles Burney na 1771 ba ƙawa sosai, yafi sauƙi, ni dai shi zan ba 'yan koyo.

Akwai na kyauta a CPDL, shafin intanet na takardun waƙoƙin mawaƙa, amma kowa ya riƙe bugu ɗaya, in ba haka ba rihasal zai koma gardama.