Neman kalma: me za mu kira abin awon albarushi na masu cika harsashi?

Mai fassara, Sabon Gari:

Assalamu alaikum, malamai da iyayenmu. Ina fassara wani rubutu na Faransanci a kan masu wasan harbi na Faransa da Amurka, waɗanda dokar ƙasashensu ta yarje musu su tattara kwanson harsashin da suka harba su sake cika shi da kansu, kuma sunan wani kayan aiki guda ɗaya ya tsayar da ni. Faransawa suna kiransa doseuse à poudre, masu Ingilishi kuma powder measure. A samansa akwai doguwar kwalba ta roba da ake zuba albarushi a ciki, a ƙarƙashinta kuma akwai ƴar ganga ta ƙarfe mai rami a jikinta, da hannun da ake juya ta da shi. Idan ramin ya fuskanci sama sai ya cika, idan aka juya hannun sai gangar ta yanke abin da ya yi rara ta zubar da na cikin ramin ta wani ɗan bututu zuwa cikin kwanso, kuma akwai ƙusa mai murɗawa wadda ake ƙara zurfin ramin ko a rage shi da ita. Wannan ita ce ƙirar Uniflow ta kamfanin RCBS, haka ma na Hornady da Redding. Kamfanin Dillon yana amfani da sanda mai zamewa gaba da baya a madadin ganga, shi kuwa Lee yana da wani mai suna Auto-Disk, wanda faifai ne mai ramuka daban-daban da ba a canza girmansu.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne ma'aunin albarushi, amma a cikin rubutun akwai wani kayan aikin dabam, wato sikelin da ake gwada nauyin albarushin, kuma shi ma ma'auni ne a Hausa. Rabin rubutun yana magana ne a kan yadda ake amfani da sikelin a duba aikin na'urar, don haka idan na ba su suna ɗaya mai karatu ba zai gane kan zancen ba. Ina neman shawararku.

Tsohon mafarauci, unguwar Birni ta Zinder:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin a je ga sunan na'urar, ina roƙon kada a taɓa kalmar albarushi, domin na sha jin yara suna fassara poudre da hoda ko gari, alhali hoda ta kwalliya ce, gari kuma na tuwo. Albarushi ba baƙo ba ne a Damagaram. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, a nan garin ake haɗa shi, a nan kuma ake ƙera igwa, kuma kalmar ta zo mana ne daga Larabci tun kafin Faransawa su mamaye Zinder a 1899.

Mu masu bindigar gargajiya, wadda ake ɗura wa ta baki, ba mu san sikeli ba. A ƙaho ko a ƴar gora muke ajiye albarushi, a tafin hannu muke zuba shi, idan an ɗura kuma sai a zura sandar ɗuri a duba da yatsu iyakar inda ta tsaya. Ba mu taɓa raɗa wa wannan awon wani suna na musamman ba, awo kawai muke cewa. A ganina idan ka ce ma'aunin albarushi, kowane mafarauci zai gane ka, kuma ban ga dalilin wahalar da kai ba.

Mushe mai koyar da kimiyya, Karkada:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka a kan albarushi ta zauna daram, amma ina neman afuwa in saɓa maka a kan ma'auni, domin albarushin da kuka sani da wanda ake magana a kansa a nan ba ɗaya ba ne. Naku baƙin albarushi ne mai hayaƙi, wanda har yau yawancin masu amfani da shi da cikar abin awo suke auna shi, ba da nauyi ba. Na cikin harsashin zamani shi ne marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya fito da shi a 1884, shekarar da Sarki Tanimu ya rasu, kuma ya fi baƙin ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa littattafan masu wannan sana'a suke faɗin adadinsa da nauyi.

Matsalar tana nan: littafi yana faɗin nauyi, ita kuwa na'urar ba ta san nauyi ba ko kaɗan, cika rami kawai ta sani. Rami ɗaya zai ba da nauyi iri-iri gwargwadon irin albarushin da aka zuba, saboda ƙwayoyinsa ba siffa ɗaya ba ne. Akwai mai ƙwaya kewayayya, wanda yake gangarawa ya cika rami daidai kusan kowane juyi, akwai mai fale-fale wanda yakan cushe a wuyan na'ura ya bar rami bai cika ba, akwai kuma mai ƴan sanduna wanda gangar takan datse shi idan tana juyawa. Saboda haka mai wannan aiki yakan murɗa ƙusa, ya zuba, ya ɗora abin da ya fito a kan sikeli, ya sake murɗawa har nauyin ya yi daidai da na littafi, sannan ya riƙa komawa sikelin lokaci lokaci yana dubawa. Na'urar tana kawo sauri, sikelin kuma shi ne mai yanke hukunci.

A harsashin ƙaramar bindiga ta hannu abin ya fi tsanani, domin albarushin da yake ɗauka kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da na doguwar bindiga, kuskuren da ba zai yi komai a can ba a nan babban kaso ne na awon gaba ɗaya. Wannan ne ya sa ake shawartar mai zaɓen na'ura don ƙaramar bindiga ya nemi mai ƙaramar ganga da siririn rami, kamar ƙaramar gangar Uniflow, ko 10X na Redding wanda aka ƙera don ƙananan awo, tun da murɗi ɗaya a siririn rami canji kaɗan yake kawowa. Kuma da yawa daga cikin kwanson ƙananan bindigogi suna da filin da zai ɗauki zubi biyu ba tare da sun cika sun tumbatsa ba, zubi biyu kuwa yana iya fasa bindiga a hannun mai ita. Wanda ya karanta fassarar ya ɗauka na'urar nan tana gwada nauyi, ya fahimci abin a baibai a wurin da kuskure ke cin yatsu da idanu.

Ina ƙara jan hankalin mai fassara a kan wata kalma da ke maƙwabtaka da wannan. Nauyin albarushi da grain ake faɗinsa, wanda yake miligiram 64.8, guda 7,000 ke yin laba ɗaya, giram ɗaya kuma ya ɗan haura grain 15. Kada a fassara shi da ƙwaya, don kada a ɗauka ƙwayoyin albarushi ake ƙirgawa, kuma kada a rubuta shi yadda zai yi kama da giram. Ni dai gireni zan rubuta, in sa miligiram a gefensa duk inda adadi ya fito. Game da na'urar kuwa, shawarata ita ce mudun albarushi.

Ɗan jarida mai shirin Hausa a rediyo:

Mushe, bayaninka ya gamsar da ni cewa ma'auni ya yi faɗi da yawa, domin aikatau auna a Hausa ya haɗa awon hatsi da awon yadi da awon nauyi, har da awon ciki a asibiti. Sai dai mudu bai kwanta mini ba tukuna. Na bi hanyar da Hausa ta saba bi wajen ƙirar sunan kayan aiki, irin ta mabuɗi da magirbi da masassabi, na gwada kalmomi da dama. Mazubi ya fi dacewa da kwalbar sama kaɗai, don mazubi wurin zubawa ne, ba ya awo. Mazurari yana da mai shi, tun da masu wannan aiki suna da ɗan mazurari na daban da suke ɗorawa a bakin kwanso. Maɗebi kuma ya fi kama da ƴan cokulan da kamfanin Lee yake sayarwa jere-jere, kowane da girmansa a rubuce, waɗanda ake ɗiba da hannu. Wanda ya fi kusa da ma'anar kalmar Faransancin shi ne a ƙera suna daga kasa, wato rarrabawa kashi-kashi daidai wa daida, amma sai ya ba mu makashi ko makasa, kuma ba na jin akwai wanda zai so ya karanta makashin albarushi a rubutun da ke maganar bindiga.

Da na rasa, sai na koma ga na'urar awon albarushi, ko kuma mu ari kalmar Faransancin mu lanƙwasa ta yadda muka yi wa lakwal da jandarma. Ƙorafina a kan mudu biyu ne. Na farko, mudu babban abu ne na hatsi, wannan kuwa sau da yawa awonsa bai cika ko ƙaramin cokali ba. Na biyu, girman mudu a tsaye yake, wannan kuwa ana ƙara shi ana rage shi.

Mushe mai koyar da kimiyya, Karkada:

Malam, aron kalmar zai yi aiki a Zinder da Maraɗi, amma mai karatu a Kano ko Katsina ba zai san daga ina ta fito ba, shi kuma zai aro ta Ingilishi, mu wayi gari da suna biyu ga abu ɗaya. Na'urar awo kuma ta maido mu inda muka baro, domin akwai wata na'urar mai lantarki, irin ChargeMaster na RCBS, wadda take tsiyayo albarushi a kan sikeli har nauyin ya cika ta tsaya da kanta, ita ma na'urar awo ce, alhali aikinta kishiyar wannan ne.

Hajiya mai awon hatsi, Kasuwar Dole:

Ƴaƴana, na ga ana ta maganar mudu ba a tambayi masu riƙe shi ba. Wanda ya ce girman mudu a tsaye yake bai yi fatauci ba, domin mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, kuma ko a nan garin tiyar da muke awo da ita daban take da mudun da ake fitar da zakkar fid da kai da shi. Shi mudun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin tafi biyu ne na mutum madaidaici, guda huɗu su yi sa'i ɗaya, kuma ba wanda ya hana shi sunan mudu don ya yi ƙanƙanta. Abin da ya mai da mudu mudu shi ne da cika yake aiki, ba ruwansa da nauyi. Tiyar gero takan kai wajen kilo biyu da rabi, amma ka cika wannan tiyar da gyaɗa mai ɓawo ka ɗaga ka ji ko nauyin ɗaya ne.

Kuma akwai abin da Mushe bai faɗa ba wanda kowace mai awo ta sani. Mudu ɗaya, hatsi ɗaya, amma hannu biyu za su ba ka awo biyu, domin wadda ta girgiza mudun ko ta bubbuga gefensa ta sa hatsin ya zauna ya ci fiye da na wadda ta zuba a hankali. Ban taɓa ganin wannan na'urar ba, amma idan yadda aka siffanta ta haka take, to lalle wanda ya buga hannunta da ƙarfi yau ya juya a hankali gobe ba zai sami awo ɗaya ba. Bambancinta da namu kawai shi ne ita a shafe take bayarwa kullum, ba ta yin tozo.

Mai fassara, Sabon Gari:

Hajiya, Allah ya saka da alheri, domin abin da kika faɗa a kan hannu yana nan cikin rubutun da nake fassarawa, inda ake gargaɗin a riƙa juya hannun da ƙarfi iri ɗaya kowane zubi, har ma ana sa wani ɗan faranti mai lanƙwasa a cikin kwalbar don nauyin albarushin sama kada ya danne na ƙasa ya canza yadda ramin ke cika. Kalmar da ta sa wadda ba ta taɓa ganin na'urar ba ta hango halinta, ita zan ɗauka. Zan rubuta mudun albarushi ga na'urar, sikelin albarushi ga mai gwada nauyi, cokalin albarushi ga wanda ake ɗiba da hannu, in bar ma'auni ya zama sunan da ya tattara su duka, ta haka maganar Baba ma ba ta faɗi ba. A farkon ambato zan ce mudun albarushi mai ganga ko mai faifai, gwargwadon ƙirar da ake nufi. Zan kuma sa a gabatarwa cewa rubutun yana bayanin abin da ake yi ne a ƙasashen da doka ta ba da izini, tun da a Nijar riƙe bindiga da harsashi sai da takardar hukuma.

Ɗan jarida mai shirin Hausa a rediyo:

Na janye ƙorafina na girma, Hajiya ta rufe mini baki da mudun zakka. Abu ɗaya ya rage wanda zai dame mu a rediyo ko da bai dami mai rubutu ba, wato idan aka ce mudun albarushi da baki, mai sauraro yana iya jin albarushi cikin mudu guda, kamar yadda ake cewa mudun gero ana nufin geron ba kwanon ba. Saboda haka a wurin da adadi ya biyo baya zan riƙa cewa zubi ɗaya, zubi biyu, in keɓe mudu ga ita na'urar kaɗai. Mushe, idan ka amince da zubi a wannan ma'anar, sai mai fassara ya shigar da ita tare da sauran.