Musayar Baitoci: Yakubu Aiyegbeni, Daga Julius Berger Zuwa Coventry

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Na gaji da yadda da an ambaci ɗan ƙwallon Najeriya Yakubu Aiyegbeni sai a ce Durban, inda ya ɓarar da ƙwallo a kofin duniya na 2010, kamar bai taɓa buga wani wasa ba sai wannan. Ga tawa, ƙwar biyu. Mai ja ya fito.

Da sunan Ilahi na ɗau alƙalam,
Yabon jarumi zan yi ba na tsayawa.

A Binin aka haife shi, ya taho Legas,
Julius Berger nan ya fara zurawa.

Ya haye teku ya sauka Isra'ila,
Maccabi Haifa ta ga ɗan baiwa.

Uku ya jefa wa Olympiacos dare guda,
A gasar zakaru, Girkawa na kokawa.

Manchester United ta sha uku ba ko ɗaya,
Fenaritinsa na ciki, ba mai musawa.

Redknapp ya gani ya ce a kawo shi Portsmouth,
Shekarar suka hau Firimiya da rawa.

Tis'in da biyar ya ci a Firimiya,
Mai musu ya zo, lissafi ba ya ƙaryatuwa.

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Yaro, ka shigo da zafinka. Karɓi.

Ɗan Kurna sannu da ƙirgar ƙwallaye,
Guda ka tsallake, wadda ba ta mantuwa.

A Durban ranar da muka kara da Koriya,
Ayila ya miƙo, ta wuce gola tana gangarowa.

Raga a buɗe, taku kaɗan tsakaninsu,
Ya sa ƙafa, ta bi gefe tana wucewa.

Gidajen kallo daga Sakkwato har Maiduguri,
Hannu a ka, ba mai iya motsawa.

Turawa na rera a ciyar da shi zai ci,
Mu 'yan gida sai ya bar mu da yunwa.

Da mun ci wasan nan na 2010, da mun haye zagaye na biyu, tunda Ajantina ta doke Girka a daren. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ɗana.

Ɗan Kurna:
Baba, da girmanka, ka faɗi rabi ka danne rabi.

Bayan ɓarin nan da 'yan mintuna,
Aka ba mu fenariti, wa ya je ɗaukowa?

Da wani ne da gwiwarsa ta yi sanyi,
Shi ya aje ta, ya buga ba karkarwa.

Biyu da biyu aka tashi daren nan,
Martins ma ya ɓarar, ba ka ambatawa.

Kuma kafin nan wa ya tsoma mu a rami?
Jan katin Kaita ne mafarin rushewa.

Muna gaban Girka da ci ɗaya na Kalu Uche aka kore shi, aka tashi 2-1. Sannan ƙwallo 21 Yakubu ya ci wa Super Eagles, Baba, ba guda ba.

'Yar Damagaram:
Baban Ummi, Allah ya ƙara basira, baitin yunwar nan ya gama da Bakano. Bari in ƙara masa kaya.

Ɗan Kurna ƙanena, tsaya ka yi nazari,
Gwanin da ake so ba a sakinsa da wuri,
Naka yau wannan gari, gobe wancan gari,
Portsmouth, Middlesbrough, Everton a jere da jeri.

Leicester aro, Blackburn, sai Sin da sauri,
Katar, Reading, Turkiyya, duk ba tsari,
Shekara ba ta cika ya ɗaure kaya da ɗauri,
Coventry wasa uku aka ce ya yi haƙuri.

Sai Masu Gida:
A'a, tsaya. Ɗan Kurna, kai Bakano ne kuwa? Don ka wanke naka sai ka jawo Sani Kaita, yaron da ya taso a Kano Pillars?

Ka bar Kaita, ya sha zagi ya ishe shi,
Kuskuren fushi ne, ya yi nadama da kunya. 

Ɗan gida ka sayar don ka fanshi na nesa,
Kurna ta ji kunyarka, ba mu yafewa.

Malam Bazazzagi:
Salamu alaikum. Na karanta tun daga sama, kuma ba zan iya shiru ba. Ɗan Kurna, baitinka na farko karin Mutaƙarabi ne tsaf, har na gyara zama. Daga na biyu ka saki linzami. Ɗangonka na farko gaɓa 11 ne, na Manchester United gaɓa 14. Ta ina mai rerawa zai shaƙi numfashi? Sai Masu Gida, baitinka na farko ya ƙare da "kunya" alhali amsa-amon zaure "wa" ne. Ke kuma Hajiya, "ri" ɗinki ya yi daɗi, amma a musaya da amon da aka jefo ake mayarwa. "A jere da jeri" kuma cikon wuri ne kawai. Ga yadda ake ɗora ƙafa:

Idan za ka waƙa ka auna gaɓa,
Ƙafa in ta karye ina takawa?

Gwanin nan a Ingila ya sha yabo,
A Durban ya tafka abin kokawa.

Ɗan Kurna:
Allah gafarta Malam, mun san Zage-zagi da gyaran abin da ba su ƙera ba.

Malam na Zazzau ya zo da ma'auni,
Mu ƙwallo muke, shi gaɓa yake ƙirgawa.

Sa Middlesbrough a Mutaƙarabi mu gani,
In ta zauna, ni na bar rubutawa.

'Yar Damagaram:
Malam, wa ya kafa dokar nan? Ni ban shigo da alkawarin bin "wa" ba. Kowa ya san "wa" amon malalata ne, kowane aikatau ka ja masa wutsiya sai ya ba ka shi. A gwada "ri" baiti takwas a gani.

Malam Bazazzagi:
Hajiya, ɗango takwas kika yi, baiti biyu. Mu fara daidaita wannan tukuna.

Sarkin Gidan Kallo:
Ɗan Kurna ya fi kowa a zauren nan, ko an ƙi ko an so. Mu da muka ga wasannin nan da idonmu mun san gaskiya yake faɗa. Malam, mutum ya kawo tarihi cikakke kai kana bin gaɓa da sanda.

Baban Ummi:
Sarki, ba ka ajiye baiti ko ɗaya ba, sai tafi. Malam ya yi gaskiya, waƙa ba kari labari ne. Ni ma na san nawa na Ayila ya yi tsawo, amma ya isar da saƙo. Ɗan Kurna, dawo nan, ba mu gama ba.

Tunisiya biyu zan ba ka ka auna,
Ta casa'in da huɗu, Yekini na haskawa.

Ya ɗauko kofi, ya fi kowa zura ƙwallo,
Ya je Amurka ya riƙe raga yana girgizawa.

Ta biyun kuwa naka aka koro gida,
Shi da Babayaro da Agali, ana gasa suna dawowa.

Rashidi Yekini, Allah ya jiƙansa, haifaffen Kaduna, ƙwallo 37 ya ci wa ƙasar nan, kuma shi ya ci mana ta farko a kofin duniya, a ragar Bulgeriya. Naka a gasar kofin Afirka ta 2004 koci Christian Chukwu ya sallame shi daga sansani kan saɓa doka. Ina kofin da ya kawo mana?

Sai Masu Gida:
Har yanzu ba a janye maganar Kaita ba. Ina jira.

Malam Bazazzagi:
Baban Ummi, "ana gasa suna dawowa" ya ja ɗangon har ƙasa. Ba don kana bayana zan ƙyale ba.

Ɗan Kurna:
A gafarce ni jama'a, kwana biyu ba wuta a unguwa. Na tarar da kaya jibge. Sai Masu Gida, ban zagi Kaita ba, na ce ƙungiya ce ta faɗi, ba mutum ɗaya ba, kuma shi ma bai cancanci a riƙa bin sa da kati ɗaya har abada ba. Yaya ta Damagaram, taki ce ta fi cina, don haka da "ri" ɗinki zan mayar.

Yaya kin ce yawo, ni na ce ci-rani ne na gari,
Inda aiki ya kira can namiji kan yi shiri,
Everton ba ta zuba kuɗi don ta sayi asiri,
Ƙwallo ta gani, ta biya ba ta nemi ragin wuri.

Ashirin da ɗaya ya ba ta a kakar fari,
Sai agara ta tsinke, ƙafa ta shiga ɗauri,
Aka ce ya ƙare, shi kuwa ya yi haƙuri,
Ya tashi a Blackburn ya sake kunna wa raga gari.

Huɗu ya ɗura wa Swansea rana guda a jeri,
Ƙungiya na nitsewa, shi yana ta ƙoƙari,
Sha bakwai ya tara, ba a ba shi ko tukuici,
Ta faɗi, ya ɗau jaka, laifin wa a wannan tsari?

Fam miliyan 11.25 Everton ta biya Middlesbrough a 2007, ba ta taɓa sayen ɗan wasa da tsada haka ba a lokacin. A Nuwamban 2008 agararsa ta tsinke a gidan Tottenham, ciwon da ke gama wa 'yan gaba da yawa wasa. Wanda ya dawo daga wannan ya ci 17 a Firimiya a kakar 2011/12, a ƙungiyar da ta faɗi, ba korarre ba ne. Kuma huɗun Swansea ba su ne na farko ba, ya yi wa Middlesbrough haka a 2004 yana Portsmouth, shekara na zagayowa ta saye shi.

Baba, Yekini uba ne, ba na haɗa su. Amma ka duba hanyar da ya bi: Abijan, Setúbal, Olympiacos, Gijón, Zürich. Ka tambayi Yaya ko shi ma ba a son sa ne.

'Yar Damagaram:
Ƙanena, ka iya. "Ci-rani" ya shige ni. Amma mai ci-rani da damina yakan koma gida, naka a ina ya ajiye jaka? Yekini ya dawo ya buga a gida kafin ya aje takalmi.

Sarkin Gidan Kallo:
Allah ya ja zamanin Kurna! An kashe bakin Damagaram da Zazzau a zama ɗaya.

Baban Ummi:
Ba a kashe nawa ba.

Na yarda ya ci, na yarda ya sha wuya,
Agara ta tsinke ya dawo da tsayawa.

Amma ɗana ka bar ni da ciwona,
Rigar ƙasa daban take wurin sakawa.

Malam Bazazzagi:
Ɗan Kurna, "tukuici" ba "ri" ba ne, ka faɗi a baiti na uku. "Kunna wa raga gari" kuma ban san me yake nufi ba, amo ne ya ja ka. Yanzu ga bashinka. Wasan ƙarshe na kofin UEFA, 2006, a Eindhoven, 4-0:

Midilsboro ta kai shi Holan da murna,
Sevilla ta doke su ba tausayawa.

Ka rera ka ji ko ta yi ɗingishi. Kai ka ce in ta zauna ka bar rubutu. Jama'a shaida ne.

Baban Ummi:
Shaida muke, Malam.

Sai Masu Gida:
Ni ma shaida ne. Ya ajiye alƙalami, hakkin Kaita ne ya kama shi.

Ɗan Kurna:
Allah gafarta Malam, ka sassaƙe sunan sai da ya shiga, wannan ba a cikin yarjejeniya yake ba. Kuma ka zaɓi daren da aka ci su don ka faranta wa Baba.

Malam ya yi guda yana neman rawani,
Tafiyar Yakubu da saura ba ta ƙarewa.

Ga Guangzhou R&F, ga Kayserispor na jiranka,
Sa su a kari, sannan mu yi maganar ajiyewa.